Ba A Fafe Gora Ranar Tafiya: Zancen Rediyo Mai Batir A Bakin Iyakar Jibiya

Wanda duk ya tashi daga Katsina ya nufi Maraɗi ta babbar hanya, lalle sai ya ratsa ƙasar Jibiya. Daga birnin Katsina tafiyar ba ta kai kilomita 50 ba. A Magama ne ma'aikatan kwastan da na shige da fice suke tsai da motoci, in an wuce su kuwa sai Ɗan Isa, an shiga ƙasar Nijar ke nan. Mutanen wannan gefe da na wancan harshensu ɗaya ne, akwai auratayya tsakaninsu, gero da wake da bisashe kuma suna kai da kawowa ta nan tun kafin Turawa su shata iyaka. Ko gulbin Gada, wanda aka datse a Jibiya domin noman rani, shi ne yake gangarawa ya zama Gulbin Maraɗi.

Mun ɗauko zancen Jibiya a wannan fitowa domin daga 2018 zuwa 2024 mutanen wurin sun ga ambaliya, sun ga yankewar waya, sun kuma sha duhu na kwana da kwanaki. Abin da ya same su yana iya samun kowane ƙauye inda ƙungiyoyinmu suke. Shawarar da muke kawo muku, 'yan'uwa manoma, ita ce kowace ƙungiya ta mallaki akwatin rediyo nata na kanta, wanda ba ruwansa da wutar lantarki, ta kuma sa mutum guda ya riƙa kula da shi yana isar wa jama'a abin da ya ji.

Daren da ruwa ya zo

A daren Lahadi, 15 ga watan Yuli na 2018, aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya a Jibiya. Mutane suna barci ruwa ya cika rafuka ya shiga unguwanni. Kafin gari ya waye fiye da mutum 40 sun rasu, gidaje ɗaruruwa sun rushe, dabbobi da hatsin rumbu sun tafi. Waɗansu gawawwakin ma sai a ƙetaren iyaka aka tsince su, cikin ƙasar Nijar, gama can ruwan ya nufa.

Ba mu ce da akwai rediyo a kowane gida da ba wanda zai mutu ba. Ruwan ya zo da sauri, cikin tsakar dare, babu tashar da ta san zai yi haka a wannan sa'a. Amma akwai abin da ake sani tun da wuri. Kowace shekara, tun cikin rani, hukumar NiMet mai duban yanayi takan fitar da hasashen damina: yaushe ake sa ran ruwa zai sauka, yaushe zai ɗauke, ina ne za a yi fari a tsakiya. Hukumar NIHSA kuma takan fitar da sunayen ƙananan hukumomin da ake jin tsoron ambaliya a cikinsu. Takardun nan da Turanci ake rubuta su, a Abuja ake ƙaddamar da su. Hanyar da suka fi isa kunnen manomi da Hausa ita ce gidan rediyo. Wanda ya ji tun cikin bazara cewa yankinsu yana cikin haɗari, yana da lokacin da zai yashe magudanar ruwa, ya ɗaga gindin rumbu, ya sake wa tumaki turke, ya kuma shirya da iyalinsa inda za su gudu in ruwa ya shigo.

Bayan masifa ma labari yana da daraja. Wanda gidansa ya rushe yana so ya ji inda ake tsugunar da mutane, da ranar da za a rubuta sunaye domin taimako, da hanyar da ta yanke. A irin wannan rana turakun wuta sun faɗi, waya ta jiƙe ko cajinta ya ƙare.

Watannin da waya ta yi shiru

A ƙarshen watan Agusta na 2021 Gwamnatin Jihar Katsina ta kafa dokoki domin yaƙi da 'yan bindiga. Aka rufe hanyar Jibiya zuwa Gurbin Ɓaure, aka dakatar da cinikin dabbobi a kasuwanni da dama, har da ta Jibiya. Cikin watan Satumba kuma aka katse layukan wayar salula a ƙananan hukumomi 13, Jibiya tana cikinsu, tare da Batsari da Safana da Ƙanƙara da Faskari da sauransu. Sai cikin watan Disamba aka ba da umarnin mai da layukan.

Mutum yana riƙe da waya mai tsada a hannu, cajinta cike, amma ba ta kira, ba ta karɓa. Masu sana'ar tura kuɗi suka nade tabarma. Waɗanda ke dab da iyaka suka koma neman layin Nijar, sauran kuwa sai mutum ya biya kuɗin mota zuwa Katsina kafin ya gai da ɗansa da ke Kano. Dokokin nan kuma sun shafi manomi kai tsaye, gama sun taɓa hanya, da kasuwa, da sayen man fetur a jarka, da lokacin hawan babur. Wanda bai ji sanarwa ba yana iya kora akuyarsa zuwa kasuwa ya faɗa hannun hukuma. A watannin nan rediyo bai daina magana ba, domin muryarsa ba ta ƙarfen sabis take bi ba.

Kwanakin duhu

Ranar 26 ga Yuli na 2023 sojoji suka karɓi mulki a Nijar. Ƙungiyar ECOWAS ta sa takunkumi, aka rufe iyaka a Magama, Nijeriya kuma ta yanke wutar da take ba Nijar. A lokacin, kusan kashi 70 cikin 100 na lantarkin Nijar daga Nijeriya yake zuwa, layin da ke kai wuta Maraɗi da Damagaram kuwa daga Katsina ya tashi ya bi ta Gazawa. Sai a ranar 24 ga Fabrairu na 2024 aka ɗage takunkumin, aka buɗe iyaka cikin watan Maris. Duk tsawon watannin nan, mai ɗan'uwa a ƙetare da mai kaya a hanya kullum kunnensu yana wurin labari: za a yi yaƙi ko ba za a yi ba, za a buɗe ko ba za a buɗe ba.

Mu ma na wannan gefe ba mu tsira ba. A watan Oktoba na 2024 yawancin jihohin Arewa suka yi fiye da mako guda babu wuta. Ɓarayi sun riga sun lalata babban layin da ya taso daga Shiroro zuwa Kaduna, sa'an nan ɗaya layin da ya biyo ta Makurɗi zuwa Jos shi ma ya sami matsala. Kano da Katsina da Jigawa duk suka shiga duhu. Masu cajin waya da janareta suka ƙara kuɗi, mutane suna layi a bakin shagunansu.

Wani zai ce, ai mu ƙauyenmu ko turken wuta babu, me ya dame mu da ɗaukewarta? Ya dame mu, gama wayar da ke aljihunmu a kan abu uku take tsaye: caji, da kati, da ƙarfen sabis wanda shi kansa sai da wuta ko man dizal yake aiki. In ɗaya ya faɗi, waya ta zama ƙarfe. Rediyo kuwa batir kaɗai yake nema, ba a sa masa kati, mutum 30 kuma suna iya zama gindin bishiya su saurari akwati guda.

Ba yau aka fara ba

Iyayenmu sun san darajar wannan akwati. Tun 1949 aka fara sayar da wani rediyo mai batir mai arha a ƙasar da yau ake kira Zambiya, wanda aka ƙera jikinsa kamar tukunyar miya domin talakan ƙauye ya iya saye. A 1954 aka fitar da rediyon tiransisto na farko a Amurka, ƙarami, mai cin batir kaɗan, daga nan rediyo ya fita daga ɗaki ya koma rataye a kafaɗar makiyayi da ƙahon keke. Sashen Hausa na BBC ya fara magana a 1957, gidan rediyon Kaduna a 1962 zamanin Sardauna, Muryar Jamus da Hausa a 1963, Muryar Amurka a 1979.

Sauraro cikin ƙungiya shi ma tsohon abu ne. Manoman Kanada sun fara shi a 1941: su taru da dare su ji shirin noma, su tattauna, su rubuta wa tasha ra'ayinsu. Indiya ta ɗauka a 1956, Gana ta bi baya a 1964. Maƙwabtanmu na Nijar sun kafa kulob-kulob na masu sauraron rediyo tun farkon shekarun 1960, a 1999 kuma suka buɗe rediyon karkara na farko a Bankilare, daga baya irinsa suka bazu cikin ƙasar.

A 1991 wani Bature ɗan Ingila mai suna Trevor Baylis ya ga wani shiri a talabijin a kan cutar ƙanjamau a Afirka, inda aka nuna cewa wayar da kan jama'a yana wuya domin mutane ba su da wuta, batir kuma ya fi ƙarfinsu. Sai ya ƙera rediyon da ake wanawa da hannu kamar agogo. Bayan 'yan shekaru aka shiga ƙera shi da yawa a Afirka ta Kudu. Rediyoyin gaggawa da muke gani yau a kasuwa jikokin wannan ne.

Iri nawa ne a kasuwa?

Na farko shi ne wanda muka saba da shi, mai cin busasshen batir, manya ko ƙanana. Amfaninsa shi ne batir ɗinsa yana samuwa a kowace tireda, in ya ƙare a sa wani nan take. Aibinsa kuɗin batir da ba ya yankewa.

Na biyu mai batir na caji a ciki. Ana cika shi da wutar gida, ko da farantin sola. Waɗansu suna da ɗan farantin sola manne a bayansu. Ku sani wannan ɗan faranti ƙarami ne ƙwarai, cikawarsa a hankali take, kuma shanya akwatin gaba ɗaya a ranar bazara yana kashe batir ya narkar da roba. Wanda ya fi shi ne mai faranti daban da doguwar igiya, a sa farantin a kan danga ko rufin ɗaki, rediyo yana inuwa.

Na uku mai hannu na wanawa. A cikinsa akwai ɗan ƙaramin janareta irin na fitilar keke. In an wana na minti ɗaya sai a sami sauraro na 'yan mintoci. Ba abin yi kullum ba ne, hannu yakan gaji, amma ranar da batir ya ƙare cikin dare ana ruwa, shi ne zai fisshe ku.

Ga ƙungiya, wanda ya haɗa hanya biyu ko uku ya fi, musamman mai caji wanda kuma yake da gurbin busasshen batir. Da yawa suna zuwa da tocila a jiki, wannan abu ne mai kyau. Waɗansu suna da ramin cajin waya, amma kada ku dogara da shi, gama waya guda tana iya shanye wutar da za ta ishe ku sauraron kwanaki.

Zango uku

A fuskar rediyo za ku ga haruffa: FM, da MW ko AM, da SW. Kowanne da aikinsa.

FM muryarsa garau take, amma ba ta nisa. Tafiyarta a miƙe take kamar hasken fitila, tudu da nisa suna tare ta. A nan ne ake samun tashoshin kusa, irin su Companion FM ta Katsina da tashoshin Maraɗi kamar Anfani. Mutanen bakin iyaka suna da gata a nan, domin kunnensu yana iya kaiwa ƙasa biyu. Labarin ruwa da fara da tsuntsaye jan-baki da farashin gero na Maraɗi ya shafi manomin Jibiya kamar yadda na Katsina ya shafe shi.

MW shi ne matsakaicin zango. Da rana tafiyarsa madaidaiciya ce, da dare kuwa yakan yi nisa ƙwarai, har a kama tashoshin da ba a jin su da rana. Eriyarsa a cikin akwatin take, saboda haka in murya ta yi rauni sai a juya akwatin kansa a hankali har ta fito. Wannan zango yana da wani amfani da ba kowa ya lura da shi ba. In ana walƙiya, ko da hadarin yana nesa ba a ganinsa, za ku ji ƙara cikin rediyo kamar ana taka busasshen kara. In ƙarar tana yawaita tana ƙara ƙarfi, hadari yana matsowa. Mai aiki a fadama ko mai kiwo a bakin gulbi ya kamata ya san wannan.

SW shi ne gajeren zango, wanda yake ƙetare ƙasashe da teku. Ranar da tashar kusa ta yi shiru domin ba wuta ba mai, gajeren zango ne zai kawo muku murya daga nesa. Tashoshin waje sukan sake mitocinsu sau biyu a shekara, a ƙarshen Maris da ƙarshen Oktoba, sai a riƙa kasa kunne ga sanarwarsu. In sun faɗi lokaci da agogon GMT, a ƙara sa'a ɗaya, shi ne agogon Nijeriya da Nijar.

Dalilin da ya sa muke cewa a sayi mai zango uku ke nan: tasha ma tana iya yin shiru. A watan Agusta na 2023 hukumomin Nijar suka dakatar da RFI a ƙasarsu, a Disamba na 2024 suka dakatar da BBC na wata uku. A watan Maris na 2025 shirye-shiryen Hausa na Muryar Amurka suka tsaya bayan wani umarni na gwamnatin Amurka. Wanda ya saba da tasha ɗaya tak, ranar da ta rufe ya zama kurma.

In za ku saya

Mu kanmu mun taɓa yin asara a nan. Wata shekara muka sayo akwati biyu masu hannun wanawa a wurin wani ɗan kasuwa domin mun ga arha, ba mu gwada ba sai da muka isa gida. Ɗaya hannunsa ya karye cikin mako biyu. Ɗayan muka ajiye shi da batura a ciki tun daga kaka har bazara, da muka buɗe sai muka tarar batir ya zubar da ruwa ya cinye ƙarafan. Kuɗin jama'a ne ya tafi, mu ne kuma muka tsaya gaban taro muna ba da haƙuri. Domin kada ku faɗa irin wannan, ga abin da za ku duba.

Ku tafi mutum biyu, ku kunna akwatin a gaban mai kaya, ku gwada zango ukun duka. Ku ja eriya ku ga ko gindinta yana da ƙarfi. In mai hannu ne ku wana, hannun da yake lanƙwasa ko yake ƙara ba zai daɗe ba. Ku tambaya ko batir na cajin ana iya cire shi a sa sabo, gama batir yakan riga akwati mutuwa. Ku karɓi rasit da sunan ƙungiya.

Akwai rediyoyin da ake shigowa da su an rubuta musu WB ko NOAA, mai kaya ya ce muku wannan yana faɗin yanayi da kansa. Wannan zango na hukumar yanayi ta Amurka ne, a ƙasarmu babu tashar da take magana a kansa. Kada ku ƙara ko kwabo dominsa. Har wa yau kada a haɗa muku da oba-oba. Ita ana magana da ita ne, riƙe ta sai da izinin hukuma, a bakin iyaka kuwa tana iya jawo wa mutum tambayoyin da bai shirya musu ba. Rediyon sauraro ba shi da wannan damuwa.

Yawancin ƙananan wayoyi suna da FM a ciki, yana kuma aiki ko babu sabis. Waɗansu sai an soka abin sauraro na kunne, domin igiyarsa ce eriya. Wannan taimako ne, ku koya wa juna. Amma FM kaɗai ne, yana kuma cin cajin da za a bukata domin kira.

Yadda za a kula da shi

Ƙura da zafi da laima su ne abokan gāban rediyo. A ɗinka masa riga ta yadi mai kauri da maratayi, da damina a sa shi cikin leda in za a gona. Kada a bar shi a rana ko kusa da murhu. In za a yi mako biyu ba a kunna ba, a cire busassun batura. Kada a gama sabon batir da tsoho. Mai caji kuwa kada a bar shi ya mutu ƙurmus ya daɗe a haka, a riƙa cika shi ko ba a yi aiki da shi ba. Ƙure murya yana cin batir, a buɗe daidai yadda za a ji.

Rufin kwano yana rage ƙarfin murya, haka nan cajar waya da waɗansu ƙwayayen fitila na zamani suna sa ƙugi a matsakaici da gajeren zango. A fita waje ko a matsa kusa da taga. In gajeren zango ya yi rauni, a sami siririyar waya mai tsawon taku biyar ko shida, a naɗa bakinta a eriya, a rataya ɗaya bakin a reshe. Da an ga hadari a kwance ta, saboda tsawa. Mataccen batir kuma guba ne: kada a jefa shi a wuta, ko kusa da rijiya, ko inda yara da awaki za su same shi.

Tsarin da muke ba da shawara

Akwati a cikin sito ba ya amfanin kowa. Abin da zai sa ya yi aiki shi ne tsari, hannu ɗaya kuwa ba ya ɗaukar jinka.

1. Da kaka kowane ɗan ƙungiya ya ba da tiya ɗaya ta gero ko dawa. A sayar, a sayi akwati da batura na ajiya, abin da ya ragu ma'aji ya rubuta shi a littafi da sunan kuɗin batir.

2. A zaɓi mai riƙo, mutum natsattse wanda ba ya yawan tafiya, a ba shi mataimaki. Rediyon na ƙungiya ne, ba ya bin mai riƙo zuwa biki ko cin rani.

3. A ba shi ɗan littafi. Duk sanarwar da ta shafi ruwa, ko taki, ko iri, ko allurar dabbobi, ko tsutsar masara, ko hanya, ko doka, ya rubuta ranar, da tashar, da abin da aka ce. A karanta a taron mako.

4. A liƙa takarda a bayan akwatin mai sunayen tashoshin da ake kamawa a ƙauyen, da inda allura take tsayawa, da lokacin labaransu, domin ko yaro ya iya nemowa.

5. A shirya yadda za a tashi gari in labarin gaggawa ya zo: bugun ƙararrawa na musamman wanda kowa ya san ma'anarsa, da samari biyu masu keke, da sanar da mai unguwa da limamin gari nan da nan. Ruwa ba ya tambayar gidan wa zai shiga, saboda haka labari na kowa ne.

6. Daga Yuli zuwa Satumba, ƙauyukan da ke bakin gulbi ko cikin kwari su sa masu kwana da kunne bi da bi a daren da hadari ya haɗu.

7. Kada a manta da mata. Sau da yawa maigida yakan rataya rediyonsa ya tafi gona ko dandali, a bar uwargida da yara ba su ji kome ba, alhali su ne a gida in abu ya faru. In hali ya yi, zumuntar mata ta sami nata akwatin.

Iyakar abin da zai yi

Rediyo yana faɗa ne, ba ya ji. Ba za ku kira likita da shi ba, ba zai gaya muku abin da ke bayan tsauni a daren nan ba. Hasashen yanayi kuma hasashe ne, na yanki ne mai faɗi, yana iya cewa ruwa zai sauka a jihar ya tsallake gonarka. Sai a haɗa shi da shawarar malamin gona da abin da dattawa suka sani na ƙasarsu. Ba kuma duk abin da aka ji a rediyo ne tabbas ba. Doka mai kyau ga mai riƙo ita ce, in labari mai tayar da hankali ne, ya ji shi a tasha biyu kafin ya baza, ya kuma faɗi inda ya ji. A bakin iyaka jita-jita tana karya farashi cikin yini guda, tana kuma sa mutane su bar gida ba dalili.

Ranar 13 ga Fabrairu ta kowace shekara ita ce ranar rediyo ta duniya, ta kuma faɗo daidai lokacin da aikin gona ya yi sauƙi, hasashen damina kuma yana fitowa. Muna roƙon kowace ƙungiya ta mai da makon nan lokacin fito da akwati, a goge shi, a gwada zango ukun, a sake batura, a buga ƙararrawar gwaji domin yara su san sautinta. Ƙungiyar da ba ta da shi tukuna ta sa maganar cikin taronta na gaba, tun hatsi yana rumbu.

Sakatarorin ƙungiyoyi kuma su rubuto mana sunayen tashoshin da suke kamawa a ƙauyukansu, da lokacin da ake shirin noma da Hausa a kowace. Za mu tattara mu buga a wannan shafi, gunduma gunduma, domin kowane mai riƙo ya yanke ya liƙa a bayan akwatinsa.